Hayaƙin Ƙarƙashin Kujera

Tun kafin a gama loda kwandunan tumatir Mudassiru ya fara jin warin. Wari ne mai kauri, kamar an manta man gyaɗa a kan wuta har ya ƙone. Motar kayan Alhaji Uba irin mai guntun kai ce, injinta yana ƙarƙashin kujerar direba, don haka duk abin da injin ya fitar, mai tuƙi ne ke fara samun rabonsa. Ya sauke gilas, ya ja motar daga bakin gona, ya bi hanyar gefen kanal. Bai kai kwalta ba wani siririn hayaƙi ya fara lallaɓowa ta gindin giya.

Mudassiru agola ne a gidan. Mahaifiyarsa Asta ta zo da shi yana ƙarami bayan rasuwar ubansa, ta auri Alhaji Uba, manomin rani a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, ta haifa masa Jamaluddeen da ƙannensa mata. Jamaluddeen yana karatu a birni. Mudassiru yana tuƙa motar gida.

Da ya sauke kaya a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, sai ya biya garejin Iliyasu a Kura. Iliyasu yana ƙarƙashin wata mota, ya leƙo, ya shaƙi iska, ya ce, "Mudan, wa ke gasa ka? Ƙamshinka har ya riga ka isowa."

Suka ɗaga kan motar. Gefen injin duk ya yi baƙi ƙirin, mai ya haɗu da ƙasa ya zama kamar kwalta. Iliyasu ya haska da fitilar waya, ya nuna masa turbo, wani ƙarfe mai siffar katantanwa da ke maƙale da injin, wanda hayaƙin salansa ke juya shi don ya ƙara wa mota ƙarfi. Ya ce babu abin da ya kai shi zafi a duk jikin mota, ɗigon mai ɗaya ya sauka a kansa sai ya tashi hayaƙi. Yoyon ba babba ba ne. Amma a wannan dattin ba wanda zai iya cewa ga inda yake fitowa, saboda mai yana gangarawa ƙasa, iska kuma tana watsa shi baya, sai ka ga wuri ya jiƙe alhali ba nan ne ciwon ba. Dole injin ya huce, a wanke shi da kananzir da omo, ya bushe, a barbaɗa toka, sannan a tayar. Inda tokar ta fara yin baƙi, nan ne. Shi dai zarginsa yana kan siririn bututun da ke kai wa turbo mai ta sama, wurin da notinsa ke zaune a kan washa ta jan ƙarfe.

"Ka kawo ta da safe, kafin la'asar ka tafi da abarka," in ji shi. "Amma kada ka ci gaba da zama a kan wannan hayaƙin. Ƙirji ba a sayar da shi a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa."

Mudassiru ya sami Alhaji Uba a gona da yamma, yana tsugune gaban injin ban ruwa. Ya gaishe shi, ya jira ya gama, sannan ya faɗi abin da bakanike ya ce. Alhaji bai yi faɗa ba. Ba mutum ne mai ɗaga murya ba. Ya miƙe, ya nuna masa gonar da hannu, jajir har inda ido ya tsaya. Zafi ya shigo, ya ce, tumatir in ya nuna ba ya jiran kowa, wanda aka tsinka da safe in ya kai yamma ya fara zubar da ruwa. Su kuma bakanikai haka suke, ka kai musu mota da ciwo ɗaya su gano maka goma. A bari a gama tsinka.

"Baba, rabin yini ne kawai."

"Na ji, ɗana. Yoyo ne dai ko? Bar ni da shi."

Washegari da sassafe Mudassiru ya fito ya tarar an riga an ɗaga kan motar. Alhaji ya yanko doguwar roba daga tsohon tif na babur, irin wadda yake ɗaure tiyon ban ruwa da ita duk inda ya huje. Ya naɗe bututun da ita tamau, ya ja, ya ƙulle, ya buga hannu a kai cikin gamsuwa. Ya ce tun kafin a haifi Iliyasu yake ɗaure yoyo, kuma bai taɓa ɗaure tiyo ya sake zuba ba. Da ya zaro sandar gwada mai ya ga ya yi ƙasa, sai ya ɗauko galan ɗin baƙin man da aka juye daga injinan ban ruwa, ya cika. Mai ai mai ne, in ji shi.

Tiyo ruwan sanyi yake ɗauka. Mudassiru ya san haka, amma ya hau mota ya tafi.

Robar ba ta kai kasuwa ba. Tana jin zafin turbo ta fara narkewa, hayaƙin ya sauya launi, ya koma baƙi mai yaji, irin na tayar da ake babbake kai da ƙafa da ita. Ya cika kan motar. Mudassiru ya tsaya a gefen hanya ya fito yana tari har hawaye suka zubo masa. Yana tsaye waya ta shigo, Alhaji ne, yana tambayar ko ya isa, dillali yana jira. Ya koma ya zauna a kan hayaƙin.

Da ya gaya masa robar ta ƙone, Alhaji ya ce ai siririya ce, laifinsa ne da bai ninka ba. Ya sake ɗaurewa da mai kauri, ya rufa tsumma a kai, ya zagaye da waya. Tsumman ya riƙa shan mai yana soyuwa a hankali. Daga ranar, kowace safiya sai an yi sabon ɗauri, kamar yadda ake duba mai da ruwa.

Mudassiru ya koma tuƙi da rawani naɗe a hanci. Wani lokaci ya buɗe ƙofa ya riƙe ta da gwiwa, kansa a waje, hannu ɗaya a sitiyari. Masu lodi suka sa masa suna Banda, suna cewa in kaka ta ƙare sai dai a sa shi a miya. Yakan yi murmushi don kada a ce ya ji haushi. A cikin mota ba ya iya zama wuri ɗaya: ya karkata hagu, ya karkata dama, ya sauke rawanin don ya sami iska, ya mayar don iskar ta fi rashinta muni. In ya hango jerin motoci a gaba gabansa sai ya faɗi, domin a tsaye hayaƙin ya fi taruwa.

Kansa ya fara sarawa tun daga hantsi. Majinarsa ta koma baƙa. Abinci ya daina yi masa ɗanɗano, tuwo da shayi da goro duk ɗanɗanon roba suke yi. In ya kwanta sai ya ji kamar an ɗora masa buhun taki a ƙirji, sai ya tashi zaune, ya fita ƙofar gida, ya dawo, ya sake fita. A masallaci ya koma sahun baya, kusa da ƙofa, saboda tarinsa yana katse wa liman karatu.

Ya sake komawa wajen Alhaji. Wannan karon Alhaji ya ce saura kaɗan, gonar gabas ce kawai ta rage, sai ta bakin gada. Mudassiru ya ce to a ɗauki hayar wata mota na yini ɗaya. Alhaji ya dube shi kamar ya yi saɓo. Mai mota a ƙofar gida ya je ya ɗauki haya, mutane su ce me? Ya dafa kafaɗarsa, ya ce namiji da juriya aka san shi, shi da yana saurayi a ka yake ɗaukar kwando daga gona har bakin titi.

Sai ya shiga wajen mahaifiyarsa. Ya same ta a bayan gida tana turara shinkafa, rabin ganga a kan murhu, tana tura ƙaiƙayi a wuta. Asta ba ta taɓa kiran sunansa ba, shi ne ɗanta na fari. Ba ta kallonsa ido cikin ido a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta tambayar ko ya ci abinci sai ta bakin wani. Haka aka san uwa ta gari da ɗan fari, kuma a ƙauyen ana yaba mata a kan haka.

Ya tsuguna nesa kaɗan, ya gaishe ta, ya ce, "Iya, ki yi wa Baba magana. Motar nan tana cin ƙirjina."

Ta ci gaba da tura ƙaiƙayi. Ta ce ta ji tarinsa, duk gidan ana ji. Amma ita da wane bakin za ta je gaban Alhaji ta yi magana a kansa? Gobe a ce ta fara ɗaure wa ɗanta gindi a gidan miji, ta zubar da kunya, ta manta wanda ya riƙe shi tun bai san hannun damansa ba. Mutumin nan bai taɓa ware shi a kwano ba, bai taɓa yi masa gori ba. Ta nuna murhun da ludayi, ta ce ita ma ai kullum a cikin hayaƙi take, ga ta nan ba ta mutu ba.

"Ba irinsa ba ne, Iya."

"Kai dai ka yi haƙuri. Kwana nawa ya rage?"

Da yamma ta aiko masa da madarar gwangwani ta hannun ƙanwarsa Surayya, da saƙon cewa ya sha, tana wanke hayaƙi daga ƙirji. Ya sha. Ya amayar da ita a bayan masallaci.

Ranar da numfashinsa ya fara yin fito, ya biya asibiti a hanyarsa ta dawowa. Ma'aikacin lafiyar ya sa masa abin sauraro a baya, ya tambaye shi aikinsa, ya ce hanyoyin iskarsa sun kumbura, ya nisanci hayaƙi ko wane iri ne, in ba haka ba abin zai zauna masa. Ya kawo wannan magana gida. Alhaji ya ce shi fa ya daɗe yana zargin wani abu, bai dai so ya faɗa ba. Direbobi an san su da zama a tasha. In sigari ya fara sha, ya faɗi gaskiya, ba za a dake shi ba.

Mudassiru bai taɓa sa sigari a baki ba. Alhaji ya san haka. Amma maganar ta shiga gida, ta zagaya, ta fito, har wata gwaggo ta tare shi a hanya tana yi masa nasiha a kan abokan banza. Daga nan duk wanda ya ji tarinsa sai ya girgiza kai, ba don tausayi ba.

A gonar bakin gada ya faɗi. Ana cikin lodi, ya sunkuya zai ja igiya, iska ta ƙi shiga. Ya buɗe baki kamar kifin da aka jefo kan gaɓa, ya dafa taya, ya zame ƙasa. Masu lodi suka daina dariya. Aka yayyafa masa ruwan kanal, aka ɗora shi a babur, mutum ɗaya ya riƙe shi ta baya, aka kai shi asibiti. Suka yi masa allura, suka sa masa abin shaƙa, bayan azahar aka dawo da shi ɗakinsa da ke jikin zaure. Ranar wani direban maƙwabta ne ya taimaka ya kai kayan, ya dawo ya ce ko da kuɗi ba zai sake shiga motar nan ba.

Tumatir kuwa an riga an sa a tsinko na gobe. Jamaluddeen yana gida, an yi hutu, kuma ya iya mota, Mudassiru ne ma ya koya masa. Da safe ya leƙo ɗakin da makulli a hannu yana kaɗawa, ya ce, "Yaya Mudan, yau ni ne oga. Ka kwanta ka huta, kada ka damu." Mudassiru ya yi ƙoƙarin ce masa ya ɗauki rawani, tari ya hana shi. Ya nuna ƙusar da rawanin ke rataye. Jamaluddeen ya yi dariya, ya ce shi ba Buzu ba ne, ya fita.

Kafin rana ta take ya dawo. Mudassiru ya ji tsayawar motar, ya ji an buɗe ƙofa da ƙarfi, ya ji amai a gindin darbejiyar ƙofar gida. Jamaluddeen ya wuce ta zaure idanunsa jajur, yana dafe da bango, yana cewa wallahi ba mutum ne zai zauna a cikin wannan abin ba.

Sai Mudassiru ya ji muryar mahaifiyarsa. Bai taɓa jin ta ɗaga murya haka ba, har ta katangar zaure.

"Alhaji, kashe mini yaro za a yi? Dubi idonsa. Wallahi ba zai sake hawa motar nan ba sai an gyara ta."

Alhaji ya ce subhanallahi, shi bai san abin ya kai haka ba, me ya sa ba a gaya masa ba? Ya ɗaga waya. Sauran tumatir ɗin aka ɗauki haya aka kwashe, kuma ba wanda ya ce komai a gari. Aka tura babur Kura ya ɗauko Iliyasu da jakar kayan aikinsa.

A gindin darbejiya aka yi aikin, daidai ƙofar ɗakin Mudassiru, yana kwance yana kallo. Iliyasu ya jira injin ya huce, ya ɗaga kan motar, ya tsaya yana duban ɗaurin Alhaji, roba a kan roba, duk ta ƙone ta manne da ƙarfe. Ya ce, "Alhaji, wannan ai gyaran tiyo ne." Alhaji ya yi dariya, ya ce dabarar manomi ke nan. Iliyasu ma ya yi dariya, domin Alhaji babban mai kawo masa aiki ne.

Kankare ƙonanniyar robar ya fi komai cin lokaci. Bayan nan ya wanke gefen injin da kananzir, ya bi da ruwan omo, ya bari rana ta busar. Ya nemi toka, aka kawo daga murhun Asta, cike da murfin kwano. Ya barbaɗa a kan turbo da bututunsa da duk kewaye har wurin ya yi fari. Ya tayar da mota, ya sa a ɗan taka totur, ya tsuguna yana kallo. Ba a jima ba wani ɗan baƙin tabo ya bayyana a saman turbo, a gindin notin bututun, ya fara faɗaɗa a cikin tokar. Ko'ina kuma fari fat.

Ya kashe mota. Ya kwance notin da sifana, ya zaro washa biyu na jan ƙarfe, ɗaya ta lotse, ɗaya ta tsage. Ya ciro sababbi daga wani gwangwanin da ke jakarsa, ya goge wurin, ya sa, ya ɗaure, bai matse da yawa ba. Ya cire babban tiyon iska ya sa yatsa ya girgiza fankar turbo, ya ce lafiyarta ƙalau, an yi sa'a. Ya juye baƙin man injin ban ruwa, ya zuba sabo, ya roƙi Alhaji kada a sake haɗa su. Ya ƙara barbaɗa toka, ya tayar. Motar ta daɗe tana aiki, tokar ba ta sauya ba.

Ba a kira la'asar ba ya wanke hannu. Ya leƙo ɗakin, ya ga Mudassiru, fara'arsa ta ɗauke. Ya buɗe baki zai yi wasan da ya saba, ya fasa, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya tafi.

Alhaji ya leƙo bayansa. Ya ce to alhamdulillahi, an gyara masa motarsa, yanzu ba shi da sauran ƙorafi. Ya daure ya miƙe, albasa ta kusa, kuma Jamalu karatu ne a gabansa, bai kamata a ɗora masa wahalar hanya ba.

Gab da magariba Asta ta shigo da kofin kunu. Ba ta saba shiga ɗakinsa ba. Ta ajiye a gefen katifa, ta tsaya tana kallon bango, ta ce an ce an gyara. Ya ce ya gani. Ta ce to madalla. Ta juya za ta fita.

"Iya."

Ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

Ya jira numfashi ya taru masa. "Hayaƙin da Jamalu ya shaƙa yau, da wanda na yi ta shaƙa, ba ɗaya ba ne?"

Ta murza gefen mayafinta. Ba ta yi fushi ba, ba ta kuma yi kuka ba. Da ta yi magana, a hankali ta yi, kamar mai faɗin abin da kowa ya sani.

"Shi ai bai saba ba."

Ta fita. A gidan ba wanda ya taɓa zagin Mudassiru, ba wanda ya taɓa hana shi abinci, kuma in ka tambayi duk wanda ke ƙauyen zai rantse maka an riƙe shi kamar ɗa. An dai yanke masa tun yana ƙarami cewa shi mai sabawa ne, kuma har wadda ta haife shi ta yarda da hukuncin. Ya jingina da bango, domin kwanciya ba ta yiwuwa, ƙirjinsa yana fito a hankali. A ƙofar gida ya ji Alhaji yana gaya wa masu lodi su fito da wuri jibi, direba zai tashi.